Waiwaye: Kartar Tarot da Shekarun da 'Yan Fim Suka Ƙara Mata

Fim ɗin The Red Violin na 1998, wanda François Girard ɗan ƙasar Kanada ya ba da umarni, ya fara ne a garin Cremona na Italiya a shekarar 1681. Anna, matar wani gwanin haɗa goge, tana da tsohon ciki, hankalinta kuma ya ƙi kwanciya. Sai ta nemi Cesca, tsohuwar da ke musu aikin gida, ta duba mata. Tsohuwa ta baje kartar tarot, wata karta mai hotuna, Anna ta zaɓi biyar: Wata, Ratayayye, Shaiɗan, Adalci da Mutuwa. A kan katunan nan biyar aka ɗora fim ɗin gaba ɗaya. Anna ta rasu wajen haihuwa, mijin ya gauraya jininta da man da ya shafe gogensa na ƙarshe, ashe abin da tsohuwa ta gani ba na Anna ba ne, na gogen ne, wanda ya yi ta yawo hannu zuwa hannu daga Vienna zuwa Oxford, zuwa Shanghai, har Montreal.

Fim ne da aka yi wa aiki, kiɗansa ma ya ci kyautar Oscar. Sai dai in aka bi abin da takardun tarihi suka nuna, irin wannan duban da tsohuwa ta yi bai samu ba tukuna a 1681. Fim ɗin ya riga shi da shekara ɗari. Kuma ba Girard kaɗai ya taka wannan sawun ba. Kusan duk mai kallon finafinan Amurka da na Indiya ya saba da matar nan mai ɗankwali da zobba, a ɗaki mai duhu, tana juya kati tana zare ido, ana nuna mana cewa ilmin nata ya samo asali tun zamanin Fir'auna. Hukuncin duba a addini sananne ne, ba shi ne zancenmu a nan ba. Zancenmu shi ne daga ina wannan labarin ya fito, kuma me ya sa sinima ta riƙe shi ƙam bayan masana sun daɗe da rushe shi.

Karta ta shiga Turai ne a shekarun 1370, kuma daga ƙasar Musulmi ta shiga. Daular Mamluk da ta mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517 tana da kartarta mai gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan folo. A kowane gida akwai lambobi goma da manya uku, sarki da na'ibinsa da na'ibi na biyu, ba tare da hoton mutum ba, sai ado da rubutu. Akwai irin wannan kartar ta ƙarni na 15 a fadar Topkapi da ke Istanbul, masani L. A. Mayer ne ya yi bayaninta a 1939. Da ta isa Italiya aka kira ta naibi, kuma a 1377 hukumar birnin Florence ta riga ta fitar da dokar hana wasa da ita. Turawa ba su san folo ba a lokacin, sai suka mai da sandunan kulake.

Tarot ƙari ne da aka yi wa wannan kartar, kusan shekara saba'in bayan zuwanta. A arewacin Italiya, wajen 1440, wani ya ƙara gida na biyar mai katuna 21 masu hotuna, da wani kati guda na Wawa, sannan aka sa sarauniya cikin manyan kowane gida. Jimilla 78 ke nan. Ambato mafi daɗewa da aka samu yana cikin littafin ajiyar wani mutum a Florence a 1440, sai kuma takardun kuɗi na fadar gidan Este a Ferrara a 1442. Sunan da ake kiransu a lokacin shi ne trionfi. Kalmar tarocchi ba ta bayyana a rubuce ba sai 1505. Amfanin gida na biyar ɗin a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama a tabarmar karta: katunansa suna cinye kowane kati na sauran gidajen. Wasa ne, kuma sau da yawa na kuɗi.

Mafi shahara cikin tsofaffin su ne waɗanda aka zana da hannu, da ruwan zinare, wa gidan Visconti da na Sforza, masu mulkin Milan. Ɗaya daga cikin jerin nan saura kati 74 a cikin 78, an raba su tsakanin ɗakin karatu na Morgan a New York, gidan ajiyar zane na Carrara a Bergamo, da hannun wani tsohon gida na garin. Cikin huɗun da suka ɓace har da Shaiɗan da Hasumiya, wato biyu daga cikin waɗanda 'yan fim suka fi so su tsorata mu da su.

Hotunan kansu ba wani asiri a cikinsu ga mutumin wancan zamanin. Fafaroma, Sarkin sarakuna, Soyayya, Adalci, Rana, Wata, Ranar Hisabi, duk abubuwa ne da yake gani a bangon coci da bukukuwan gari. Ƙwarangwal mai lauje ba baƙo ba ne a nahiyar da annoba ta yi wa ɓarna tun 1348. Shi kuwa mutumin da aka rataye ta ƙafa ɗaya, kai a ƙasa, haka biranen Italiya suke zana maciyin amana a bango don a kunyata shi. Wani mai wa'azi na ƙarshen ƙarni na 15 ya lissafa katunan nan ɗaya bayan ɗaya yana tsine musu, amma laifin da ya ɗora musu caca ce. Da ana duba da su, da bai bar wannan ba.

A yi adalci, ba a ce babu wanda ya taɓa neman sanin gobe da karta ba. A 1540 Francesco Marcolini ya buga wani littafi a Venice inda mutum zai zari karta ta yau da kullum, ita kuma ta kai shi ga wasu baituka da ke ba shi amsa. Kartar a nan ƙuri'a ce kawai, ba ta da ma'anar kanta. Akwai kuma wata 'yar takarda daga Bologna, ta kafin 1750, da ta ba wasu katunan tarot ma'anoni gajeru. Ita ma takardar ba a nuna ta kai 1681 ba.

Labarin Fir'auna yana da ranar haihuwa. A 1781 Antoine Court de Gébelin, wani limamin Furotesta mazaunin Paris, ya fitar da juzu'i na takwas na littafinsa Le Monde primitif. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya ziyarci gidan wata mata ya tarar ana wasa da tarot, ya dubi katunan, cikin rubu'in awa ya gane cewa littafin Thoth ne, abin bautar Misirawan dā mai kula da rubutu, hikimar limaman tsohuwar Masar da aka ɓoye a hotuna. Hujja ba ya da ita, kuma babu mai iya ƙaryata shi, don a lokacin ba wanda ke iya karanta rubutun Misirawan dā. Sai a 1822 masani Bafaranshe Champollion ya warware rubutun, ba a kuma sami komai mai kama da tarot a ciki ba. Abin dariyar shi ne ya dace da ƙasar, ya kuskure zamanin da dubban shekaru: Masar ɗin da karta ta fito ta sarakunan Musulunci ce.

Wanda ya mai da zancen sana'a shi ne Jean-Baptiste Alliette, tsohon mai sayar da iri da hotunan bugawa, wanda ya juya sunansa ta baya ya zama Etteilla. Tun 1770 ya buga littafin duba da karta ta yau da kullum, inda kowane kati ke da ma'ana ɗaya in ya zo daidai, wata ma'anar in ya zo a kife. Bayan 1781 ya koma kan tarot, wajen 1789 kuma ya fitar da karta ta farko da aka ƙera musamman don duba. A nan ne kuskuren The Red Violin ya ninka: tsohuwa Cesca ta ce katin Mutuwa ya zo a kife, don haka sabuwar rayuwa yake nufi. Wannan ƙa'idar Etteilla ce, mutumin da ba a haifa ba sai 1738.

Daga nan kowa ya zo sai ya ɗora nasa. Éliphas Lévi, wani marubucin ilmin asiri Bafaranshe, a tsakiyar shekarun 1850, ya haɗa katuna 22, wato 21 masu hotuna da na Wawa, da haruffan Ibrananci 22. Wasu marubutan Faransa suka ce ai 'yan ƙabilar Romani masu yawo (Gypsy), waɗanda Turawa suka ɗauka daga Masar suke, su suka kawo ta. Asalin mutanen nan Indiya ne, kuma sun isa yammacin Turai a farkon ƙarni na 15, bayan karta ta riga su. Duban da aka san su da shi a dā na tafin hannu ne. Sai ƙungiyar asiri ta Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888. Mambobinta biyu, Arthur Edward Waite da mai zane Pamela Colman Smith, su suka fitar da kartar da kamfanin Rider ya buga a Disamba 1909, mai hoto a kan kowane kati, har da ƙananan. Ita ce aka fi gani a allo yau. Duk fim ɗin da aka ce labarinsa ya faru kafin 1909 kuma aka ga zanen Smith a kan tebur, to an yi aron kaya daga gaba. Ita Smith ladan aiki kawai aka biya ta sau ɗaya, ta rasu a 1951 a Cornwall ba ta da komai.

Wannan tarin ne sinima ta gada, ta kuma ƙara masa gishiri. A Dr. Terror's House of Horrors na 1965, Peter Cushing ya duba wa matafiya biyar a jirgin ƙasa, kowa kuma katin Mutuwa ne ƙarshensa. A Live and Let Die na 1973, fitowar Roger Moore ta farko a matsayin James Bond, an ba 'yar wasa Jane Seymour tarot aka cakuɗa shi da tsafin vudu na yankin Karibiyan, abubuwa biyu da tarihinsu bai haɗu ba. Littafin Ian Fleming na 1954 da aka ɗauko labarin ma babu tarot a ciki. Mai zane Fergus Hall ne ya yi kartar don fim ɗin, an buga lambar 007 a bayan katunan, daga baya aka sayar da ita a kasuwa. Wato fim ya ƙirƙiri karta, masu duba suka saya suna aiki da ita.

Dalilin da masu ba da umarni ke son abin ba ɓoyayye ba ne. Kati hoto ne, kyamara kuma hoto take so. Cikin daƙiƙa uku an gaya wa mai kallo cewa masifa na tafe, ba tare da an ɓata baki ba. Kamar bokan finafinanmu na Hausa ne mai jan ƙyalle da ƙwarya da dariyar ƙeta: da an hango shi an san aikinsa, ko da kuwa babu wanda ya taɓa ganin irinsa a garinsu. A fim ɗin ban tsoro wannan ba ya damuna. Inda nake ganin akwai magana shi ne fim ɗin da ya rubuta shekara da sunan gari a allo, ya kashe kuɗi don maɓallin riga ya dace da zamanin, sannan ya ɗauki tarihin kartar daga bakin masu sayar da ita. Mai kallo ba ya da hanyar raba wanda aka bincika da wanda aka ara. Duk da murya ɗaya suka zo masa.

Ba kuma a rasa inda za a bincika ba. Gertrude Moakley, ma'aikaciyar ɗakin karatu a New York, ta buga nazarinta kan katunan Milan a 1966. Michael Dummett, farfesan falsafa a Oxford, ya fitar da The Game of Tarot a 1980, babban littafi da ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa ƙarni uku da rabi tarot wasa ne kafin wani ya ce littafin asiri ne. A 1996 shi da Ronald Decker da Thierry Depaulis suka ƙara da A Wicked Pack of Cards, kan yadda duban ya fara a Faransa. Shekara biyu ke nan kafin fitowar fim ɗin Girard. Wasan ma bai mutu ba: Faransa na da hukumar tarot ta ƙasa tun 1973 mai shirya gasa, ana kuma buga danginsa a Ostiriya da Sloveniya da Hangari.

Akwai waɗanda suka yi daidai, kuma abin lura shi ne ba su rasa komai ba. Agnès Varda ta buɗe Cléo de 5 à 7 na 1962 da duban tarot, shi kaɗai ne mai launi a fim ɗin, sauran fari da baƙi. Paris ce ta 1961, inda mata masu wannan sana'ar suke da gaske. Da katin Mutuwa ya fito, matar ta ce wa Cléo ba lallai mutuwa ba ce, sauyi ne, kamar yadda masu sana'ar ke faɗa wa abokin ciniki. Da Cléo ta fita sai matar ta gaya wa mutumin da ke ɗakin ciki cewa ciwon daji ta gani. Nightmare Alley, daga littafin William Lindsay Gresham na 1946 wanda kowane babinsa ke ɗauke da sunan kati, an yi fim ɗinsa a 1947, Guillermo del Toro ya sake yi a 2021. Ya ajiye kartar a hannun masu yawon nuna wasa a Amurka ta wajen 1940, tare da dabarun da suke karantar mutum su cuce shi, wuri da lokacin da ta dace da su.

Fim ɗin ban tsoro mai suna Tarot na 2024 bai yi da'awar tarihi ba, ya ƙirƙiri kartarsa da la'anarta, ya ce ta wata mai duban taurari ce da ta yi wa wani basarake aiki a Hangari a 1798. Shekarar dai ta faɗo bayan Etteilla, don haka ta fi ta Cremona kusa da yiwuwa, duk da cewa masu kuɗin daular Habsburg, mai mulkin Hangari a wancan lokacin, in sun ɗauki irin wannan kartar, wasa suke zama yi da ita.