Kai ka riƙe wayar, ko ita ta riƙe ka? Tambayoyi da amsoshi

A majalisarmu ta bayan isha'i a Gwammaja, mutum shida ne a kan benci, amma tsit kake ji. Kowa ya sunkuyar da kai, hasken waya na dukan fuskarsa, shayin ma har ya huce. Baba mai shayi ya ce rashin tarbiyya ne. Masu bincike a jami'o'i kuwa sun daɗe suna leƙa cikin wayar kanta.

Rashin kamun kai ne, ko da gangan aka ƙera ta haka?

Da hannun maƙera a ciki. A da, shafin intanet yana da ƙarshe, sai ka danna kafin ka wuce na gaba, kuma a wannan ɗan tsaikon ne mutum ke tuna yana da abin yi. A 2006 wani injiniya a Amurka, Aza Raskin, ya fito da shafin da ba ya ƙarewa, kana ja yana ƙaruwa. Malmalar tuwo ce da duk lomar da ka yanka sai ta mayar da kanta, to yaushe za ka wanke hannu? Daga baya shi da kansa ya nuna nadama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: talla ce cinikin waɗannan kamfanoni, daɗewarka a ciki ita ce ribarsu.

Me ya sa nake duba waya ko ba ta yi ƙara ba?

Tun wajajen 1950 masanin halayya B.F. Skinner ya gwada wannan da tattabaru. Tattabarar da ke samun tsaba jefi-jefi, ba ta san yaushe za ta zubo ba, ta fi wadda ke samu kullum nacin saran maɓalli. Haka kake idan ka ja allo ƙasa: wataƙila saƙon kuɗi ne, wataƙila gaisuwar Juma'a ce karo na goma. Facebook ya kawo maɓallin yabo a 2009, WhatsApp ya kawo shuɗin layi biyu a 2014. Tun daga nan "na ga ka karanta, ka share ni" ta shiga jerin abubuwan da ke ɓata zumunci.

To an tabbatar tana cutar da mutum?

Nan ne masanan suka rabu, kuma nan ne masu baza labari suka fi yin azarɓaɓi. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa fiye da 350,000. Sun tarar amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalar matasan ba, kusan daidai da alaƙarta da yawan cin dankalin turawa. Samun isasshen barci da cin zalin da ake wa yaro sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Amma ƙirga awanni daban, gwaji daban. A 2018 masu bincike a Amurka sun biya wasu mutane su rufe Facebook na mako huɗu. Kowa ya tsira da kusan awa guda a rana, sun ƙara zama da iyali da abokai, hankalinsu ya ɗan ƙara kwanciya, sai dai labaran siyasa sun riƙa wuce su. A shekarar dai, Jami'ar Pennsylvania ta gwada ɗalibai 143, aka taƙaita wa wasunsu minti 10 a rana ga kowace ɗaya cikin manhajojin sada zumunta uku, kaɗaici da damuwa suka ragu cikin mako uku.

A ganina illar akwai ta, amma ba dodon da ake zuzutawa ba ce, kuma tambayar "awa nawa ka yi" gurguwa ce. Awa biyu kana hira da 'yar'uwarka da ke aure a Legas ba ɗaya suke da awa biyu kana leƙen bikin wasu kana raina abin hannunka ba.

Su kamfanonin sun sani?

Sun san wani abu. A 2021 tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fallasa binciken cikin gida da ya nuna Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin surar jikinsu.

Binciken Turawa ne, ina ruwan Bakano?

Gaskiya akasarinsa a Amurka da Birtaniya aka yi shi, amma wayar da ka saya a kasuwar waya ta Farm Centre da manhajojin nan ta zo. Bambancinmu biyu ne. Mu muna da birkin da ba mu nema ba: data ta ƙare, ko a ɗauke wuta ka kai caji shago. Sannan ga ɗan kasuwar Kwari da ke tallan atamfa da shadda a sitatus, wayar ita ce rumfarsa ta biyu, wanda ya ce masa ya ajiye ta bai san kasuwa ba.

Ƙirar kuma tana gyaruwa idan an matsa. Bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe a Indiya, WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya kuma faɗaɗa dokar ga duniya a 2019.

Me zan iya sauyawa yau?

Fara da sanarwar da ke faɗowa kan allo. Wani gwaji da aka wallafa a 2019 ya nuna waɗanda aka tara musu sanarwa ta zo sau uku a rana sun fi natsuwa. Waɗanda aka kashe wa gaba ɗaya kuwa fargaba ta kama su, suna gudun kada wani abu ya wuce su. Don haka ka bar kira da saƙon iyali da na abokan ciniki, ka toshe bakin guruf ɗin 'yan makarantarku da na siyasa. Ka kashe bidiyon da ke kunna kansa, datarka ma za ta ƙara auki. Da dare kuma a bar ta tana caji a falo, a sayi ɗan agogo mai ƙararrawa domin tashin asuba.