Farashin kabon a kasuwar Tarayyar Turai

Farashin kabon shi ne kuɗin da kamfani ke biya don samun izinin fitar da tan ɗaya na iskar kabon zuwa sararin samaniya. A kasuwar da Tarayyar Turai ta buɗe a 2005, hukuma ce ke ƙayyade yawan takardun izinin da za a fitar kowace shekara. Wasu ta rarraba su kyauta, wasu ta sayar a gwanjo. Tashoshin wutar lantarki da masana'antun siminti da ƙarfe sukan saye ko su sayar a tsakaninsu, kuma kowa sai ya miƙa takardu daidai da hayaƙin da ya fitar.

Babban abin da ke juya farashin shi ne yawan takardun, kuma wannan yana hannun 'yan siyasa. A farkon kasuwar an raba su fiye da kima. Da alƙaluman hayaƙi na ainihi suka fito a Afrilun 2006, farashin da ya kusa Yuro 30 ya rikito, kafin ƙarshen 2007 kuwa takardar ta zama ba ta da wata daraja, domin zangon farko na kasuwar yana ƙarewa ne a lokacin, kuma doka ba ta yarda a ajiye ta zuwa zango na gaba ba. Durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta ƙara dagula lamarin: masana'antu suka rage aiki, hayaƙi ya ragu, takardu suka yi kwantai. Zuwa 2013 rarar ta kai kimanin biliyan biyu, farashi ya koma ƙasa da Yuro 5. Daga nan aka jinkirta gwanjon takardu miliyan 900, sannan a 2019 aka soma aiki da wani rumbu da ke janye rara daga kasuwa. Wannan, tare da tsaurara dokokin sauyin yanayi, ya sa farashin ya haura Yuro 100 a Fabrairun 2023.

Sai kuma takarar kwal da iskar gas. Tashar kwal tana fitar da kusan ninki biyu na hayaƙin tashar gas, don haka duk lokacin da gas ya yi tsada, kamar a 2021, kamfanoni sukan koma kwal, buƙatar takardu ta ƙaru. Yanayi ma yana da nasa rabon: hunturu mai tsanani ko shekarar da iska ba ta kaɗa injinan lantarki sosai ba kan sa a ƙara ƙona kwal da gas, buƙatar takardu ta ƙaru.

Bankuna da masu zuba jari su ma sun shigo, suna saye bisa hasashen abin da Brasels, hedkwatar Tarayyar Turai, za ta yanke gobe. Shi ya sa wani lokaci farashin kan yi abin da lissafin hayaƙi bai nuna ba: da Rasha ta auka wa Yukiren a Fabrairun 2022, gas ya yi tashin gwauron zabo, amma farashin kabon faɗuwa ya yi cikin 'yan kwanaki, saboda 'yan kasuwa sun yi ta sayar da takardunsu don samun kuɗi a hannu.