Hawa dutsen Kane zuwa hasumiyar hangen gobara: tambayoyi da amsoshi

Wai ina ne dutsen Kane ɗin nan?

Yana yankin duwatsun Adirondack a jihar Niyu Yok ta Amurka, kusa da tafkin da suke kira Canada Lake. Ƙaramin dutse ne, hanya ɗaya za ka bi ka hau ka sauko ta wata, duka zagayen bai kai kilomita 4 ba, har yara ma suna yi.

To me ya kawo hasumiya a tsakiyar daji?

Gobara ce. A 1903 da kuma 1908 wuta ta cinye dazuzzukan Adirondack ba kaɗan ba, da yawa tartsatsin jirgin ƙasa ne ya tayar da ita ga fari ga kuma rassan da masu saran katako suka bari a yashe, shi ne gwamnatin jihar ta fara ɗora masu gadi a kan duwatsu daga 1909. Da farko na katako ne hasumiyoyin, daga baya aka koma na ƙarfe. Ta Kane an kafa ta a 1925, tsayinta ƙafa 60. Mai gadin yana zaune can sama a ɗan ƙaramin ɗaki da taswira a kan teburi, da ya hango hayaƙi sai ya auna ta inda yake tashi ya buga waya a sanar da jami'an daji. Da aka fara sintiri da jiragen sama aikin ya mutu a hankali.

Dole ne sai na hau hasumiyar?

Gaskiya eh, in dai kallo ya kai ka. Kan dutsen duk bishiyoyi ne sun rufe ko'ina, a ƙasa ba abin da za ka gani, sai ka taka matakalar ka wuce saman bishiyoyin sannan tafkuna da duwatsu su buɗe maka ta kowane ɓangare. Iska na kaɗawa sosai a saman, ka riƙe ƙarfen gefe da kyau, yara kuma a riƙe musu hannu. In ana tsawa kuwa kar ma a fara.

Wane lokaci ya fi?

Ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da ganye ke komawa ja da ruwan ɗorawa. Watan Mayu da Yuni ƙananan ƙudaje masu cizo sun yi yawa wallahi, kuma in kun sauko a duba jiki saboda kaska, tana sa cutar Lyme. Takalmi mai riƙe ƙasa da gorar ruwa sun wadatar, amma da hunturu ƙanƙara kan sa hanyar santsi.