"Ai da Yardarta Ta Tafi": Me Dokar Safarar Mutane Ta Ce?

Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 2000 ta fara aiki a Disambar 2003, ta ce sai abu uku sun haɗu kafin a kira laifi safarar mutane: na ɗaya, ɗauka, ko kai wa, ko ɓoyewa, ko karɓar mutum; na biyu, ta hanyar yaudara, barazana, tilas ko amfani da halin ƙuncin da yake ciki; na uku, da nufin ci da guminsa, kamar sa shi karuwanci.

An rarraba shi haka ne saboda yadda sana'ar ta koma tun da duniya ta dunƙule. Mai farautar yarinya yana birnin Benin na jihar Edo yana yi mata saƙo a Facebook cewa akwai aikin kitso a Italiya. Direba yana Agadas, mai gidan da ake tsare su yana Sabha ta ƙasar Libiya, madam kuma, wato matar da za ta sa su karuwanci, tana Turin ta Italiya tana jiran kaya. Wataƙila ba su taɓa ganin juna ba, kuɗi ne kawai ke zagayawa ta waya. Doka ta ɗauki kowannensu a matsayin mai laifi, ko da nasa aikin tuƙi ne kawai, muddin ya san inda aka dosa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin kwana 90 ba biza, don haka kan iyakar farko ba ta da wuyar tsallakewa. A 2016 kaɗai, ƙungiyar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga mata 'yan Najeriya 11,009 da suka isa Italiya ta teku, ta kuma ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na iya faɗawa hannun masu safara.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun yarda. In an yi amfani da yaudara ko barazana, yardar da matar ta bayar ba ta da amfani a kotu. Ko ta san karuwanci za ta yi, in dai an ɓoye mata cewa bashin Yuro dubu 30 ke jiranta, an karɓe fasfonta, an rantsar da ita a gidan boka, safara ce. In ba ta kai shekara 18 ba, ba ma sai an tabbatar da yaudara ba.

Wannan ya bambanta da fasa-ƙwaurin baƙin haure, inda ciniki ke ƙarewa da an tsallake iyaka.

A Najeriya, dokar 2015 da hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ke aiwatarwa ta yanke aƙalla shekara 7 da tarar aƙalla naira miliyan 1 ga mai sa ƙaramar yarinya karuwanci, haka ma mai shirya tafiya waje don wannan. Matsalar ita ce shaida: tsoron rantsuwa kan rufe bakin waɗanda aka cuta, shi ya sa Sarkin Benin, Oba Ewuare II, ya fito a Maris ɗin 2018 ya warware irin waɗannan rantse-rantse.