Waiwaye: Yadda Mahaɗun Nyanya da Mararaba Suka Zama Tarkon Masu Wucewa

Tun ranar 19 ga Maris, 2025, da wata babbar mota ta ƙwace a kusa da gadar Karu ta cikin Abuja da almuru, cikin watan azumi, ta afka wa motocin da cunkoso ya tsayar, wuta ta tashi, motoci fiye da goma suka ƙone, aka rasa rayuka, maganar hanyar Abuja zuwa Keffi ba ta kwanta ba. Wasu na cewa a hana manyan motoci bi lokacin tashi daga aiki. Wasu na cewa gadar sama ce magani, wasu kuma na ɗora laifin kan masu kasa kaya a bakin titi da 'yan acaba da masu keke. Kowa da gaskiyarsa. Sai dai yawancin wannan muhawara na tafiya ne kamar jiya matsalar ta faɗo daga sama, alhali ta fi shekara talatin tana ginuwa.

Farkon labarin sananne ne. A watan Fabrairun 1976 aka kafa dokar ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Aguda, aka kammala taswirar birnin a 1979, fadar gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Nyanya kuwa ta fara bunƙasa ne a matsayin masaukin wucin gadi na leburori da ƙananan ma'aikatan da suka gina birnin. A 1996 aka yanko Jihar Nasarawa daga Filato, ƙaramar hukumar Karu ta faɗa cikinta, iyakarta da Abuja tana nan daidai inda Nyanya ta ƙare Mararaba ta fara.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ya faru da filaye a gefe biyu na wannan iyaka cikin shekarun 1990, kuma a ganina a nan ne aka haifi mahaɗun da muke kuka da su yau.

A cikin Abuja, dokar 1976 ta sa dukkan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Fili sai an nema a rubuce, an jira, an samu takarda, sannan a yi gini irin wanda tsari ya yarda da shi. Masinja ko direba ko malamin firamare da aka taso da shi daga Legas ko Kaduna ba shi da ƙarfin wannan, kuma kuɗin haya a Garki da Wuse ya fi albashinsa. Amma da ya tsallaka iyaka da ɗan taƙi, sai ya tarar da gonakin Gbagyi da Gwandara da sauran mutanen yankin, waɗanda ke hannun iyalai bisa gado. A nan ciniki na baki da baki ne: mai gona, dillali, shaidu, mai unguwa ya sa hannu, a ja igiya a auna, a kafa turaku. Awon igiya ke nan, kamar yadda ake yi a bayan garin Kano da Kaduna. Babu wanda ya yi wannan da mugun nufi. Manomi ya ga kuɗin da doya da dawa ba za su taɓa ba shi ba, baƙo kuma ya samu inda zai sa iyalinsa.

To amma mai sayar da gona ɗaya ba ya tunanin gari. Kowane taku da ya bari domin hanya asara ce a gare shi, don haka lungu yake bari, iya inda mota ɗaya za ta kutsa. Kuma ina lungun zai nufa? Bakin kwalta, domin can ne ake samun motar Abuja, can ne kuma darajar fili take. Maƙwabcinsa ma haka ya yi da tasa gonar, ba tare da lungunansu sun haɗu ba. Gona bayan gona, daga Mararaba zuwa One Man Village, Ado, New Nyanya har Masaka, aka wayi gari da unguwanni manya-manya da suka yi kama da haƙoran matsefi, kowane na manne da ƙashin baya guda. Babu wata hanya ta kirki da ke bin bayan gari a jere da babbar hanyar. Mutumin da zai je asibiti ko makaranta a unguwar da ke maƙwabtaka da tasa, sau da yawa sai ya fito titin da ke ɗauke da tirelolin Jos da Lafiya da Makurdi, ya bi shi, ya nemi wurin juyawa, sannan ya sake shiga ciki.

Daga nan sauran abubuwan suka biyo baya da kansu. Bakin kowane lungu ya zama inda acaba da keke ke sauke fasinja, domin ba su da wani wurin. Inda fasinja suka taru, nan bas da tasi za su tsaya lodi, ko da alamar tasha ko babu. Inda ake jiran mota, nan mai lemo da mai burodi da mai gwanjo za su baje kaya. Kasuwar Orange ta Mararaba, inda ake sauke kayan gwari da 'ya'yan itatuwa, ita ma ta wannan titi ake shigarta. Shi ya sa duk lokacin da aka kori 'yan kasuwa daga bakin hanya, ba a daɗewa suke dawowa. Ana kiran abin taurin kai, ni kuwa ina ganin ciniki ne ke bin ƙafa, ƙafa kuma ba ta da wata hanyar bi sai nan.

Haɗarin ma daga nan yake. Titi ɗaya na aiki biyu da ba sa jituwa: babbar hanya ce da ke haɗa Abuja da jihohin tsakiya da arewa maso gabas, kuma shi ne layin unguwa da yara ke tsallakawa zuwa makaranta. Direban da ya gangaro daga tudun Kugbo da kaya maƙil yana buƙatar fili mai tsawo kafin ya tsaya, sai ya tarar da layin motoci a tsaye a Karu ko Nyanya. Ɗan acaban da wurin juyawa ya yi masa nisa sai ya bi hannun da ba nasa ba. Tsohuwa mai kaya a ka, ko mace mai goyo, tana duban matakalar gadar tsallakawa da nisan da za ta yi kafin ta kai gare ta, sai ta yanki titi. Ba na wanke kowa daga ganganci, ganganci na kashe mutane a wannan hanya, amma wurin ne ke sa mutum ya zaɓi tsakanin ɓata rabin awa da sayar da rai, safe da yamma.

Abubuwan da suka zo daga baya, waɗanda aka fi ambata, sun tarar da ginin ya riga ya tsaya. Rushe-rushen unguwannin da ba sa kan tsari a cikin Abuja a shekarun 2000 da hana acaba a tsakiyar birni a 2006 sun ƙaro jama'a da babura zuwa wannan ɓangare. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Karu mutum dubu 200 da ɗoriya, kuma duk mai bin hanyar ya san yau an wuce nan nesa ba kusa ba. Bam ɗin da ya tashi a tashar Nyanya da safiyar 14 ga Afrilu, 2014, ya kashe mutum fiye da 70, domin a wuri ɗaya dubban ma'aikata ke taruwa neman mota. Shingen binciken da ya biyo baya a wajen Kugbo ya sa mutane fita gida tun kafin asuba, wasu ma har yau ba su daina ba.

An faɗaɗa kimanin kilomita 5 na titin daga wajen Kugbo zuwa iyakar Nasarawa, kuma ya rage wahala a wannan yanki. Amma faɗin titi na ƙara gudun mota, yana kuma ƙara tsawon abin da mai ƙafa zai tsallaka, sannan motocin duk su je su matse a Mararaba. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka bayar da aikinta tun 2011, ana sa ran ta ɗebe wani kaso na masu shiga birni. Gadar sama ma za ta wuce da masu dogon zango ta kan cunkoso. Duk da haka mutumin Ado da zai je Mararaba yana nan a ƙasa, a bakin lungunsa.

Buɗe hanyoyin cikin unguwa a Mararaba yanzu na nufin rusa gidajen mutane da biyan diyya mai yawa, shi ya sa ba a son ɗauko zancen. Amma gaba da Masaka, wajen Kuchikau da Auta Balefi da Gora, akwai sauran gonaki, kuma ana can ana yanka su fuloti-fuloti da igiya, kowane lungu na kallon kwalta. A can har yanzu ana iya zama da masu gonaki da masu unguwanni a ware hanyar da za ta bi bayan gari tun kafin a sa bulo, a kan kuɗin da bai kai na gadar sama ɗaya ba.