Waiwaye: hatimin da ke kan manhajojin burauza, da ranar da yake ƙarewa

A shagunan kwamfuta na Ringim, Gumel ko Ɗambatta, ba baƙon abu ba ne a ga burauza ta turje ana tsaka da buga wa ɗalibi sakamakon jarrabawa. Ko ta ce ba ta amince da shafin ba, ko ta kashe wata ƙaramar manhaja da aka ɗora mata. Mai shago sai ya ce netwok ne. Sau da dama kuwa rigimar satifiket ce, kuma ta girmi yawancin yaran da ke zaune kan bencin suna jiran layi.

Tsarin bai da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa neman takardar shaidar zama ɗan gari. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya tabbatar da mai unguwa, hakimi ya tabbatar da dagaci. Haka manhaja take zuwa da sa hannun wanda ya ƙera ta, wani kamfani ya tsaya masa, shi ma kamfanin akwai babban satifiket na tushe da burauza ta riga ta yarda da shi. Kowane hatimi a jerin yana da ranar ƙarewa.

Microsoft ce ta yayata wannan dabara a 1996, lokacin da Internet Explorer ya fara karɓar ƙananan manhajojin ActiveX daga shafukan intanet. Hujjarta ita ce idan an san mai abu, an san wanda za a kama. A Janairun 2001 wani ya yi sojan gona a matsayin ma'aikacin Microsoft, kamfanin VeriSign mai bayar da satifiket ya ba shi guda biyu da sunan Microsoft ɗin, sai da aka fitar da gyara na musamman don soke su. Tun daga nan ya kamata a gane cewa sa hannu suna kawai yake nunawa, bai ce komai game da halin manhajar ba. A 2011 aka kutsa kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, shi ma mai bayar da satifiket, aka buga satifiket na bogi sama da 500, aka yi amfani da na Google wajen leƙen asirin mutane a Iran. DigiNotar bai ga ƙarshen shekarar ba.

Duk da haka ƙara ƙulle ƙofa aka yi. Manhajojin talla sun addabi masu burauzar Firefox, suna maƙale wa burauza ba da sanin mai ita ba, sai Mozilla, mai ƙera Firefox, ta ce duk ƙarin manhajar da za a ɗora wa burauzar dole ya zo da sa hannunta. Daga Firefox 48, a Agustan 2016, aka toshe hanyar kauce wa dokar. A ganina matakin yana da hujja, duk wanda ya taɓa wanke kwamfutar da ta cika da tarkacen talla zai faɗi haka. Sai dai makulli ya koma hannu ɗaya.

Ranar Asabar 4 ga Mayun 2019 aka ga illar hakan. Satifiket na tsakiya da Mozilla ke sa hannu da shi ya ƙare ba a sabunta ba, Firefox ya bi manhajojin da mutane suka ɗora yana kashewa a duk duniya. Ba ɓarawo, ba kutse, kwanan wata ne kawai ya cika. Masu toshe talla da uBlock Origin suka wayi gari shafuka na zuƙe musu data. Gyaran farko ma ta hanyar tsarin gwaje-gwajen kamfanin aka turo shi, wanda wasu suka kashe da gangan don kare sirrinsu, kafin a saki Firefox 66.0.4.

Wanda ke da intanet a wadace ya manta da wannan cikin kwana biyu. A karkara abin ya fi ciwo. Kwamfutocin shagunan nan galibi na hannu ne, an sayo su a Kano, kuma ana rufe sabuntawa don kada ta cinye datar da aka saya domin kwastoma. Ga kuma ɗan batiri irin na agogo da ke kan allon cikin kwamfuta: idan ya mutu, da an ɗauke wuta kwanan wata sai ya koma shekarun baya, burauza ta ɗauki lafiyayyen satifiket a matsayin wanda lokacinsa bai yi ba. Mai gyara yakan ce wa yaron shago, "Kai dai danna ci gaba." Aiki zai tafi, amma yaron ya koyi tsallake gargaɗi, har ranar da gargaɗin zai zama na gaske.

A 14 ga Maris 2025 wani satifiket na tushe na Mozilla ya ƙare. Wannan karon an yi shela tun da wuri: duk mai Firefox da bai kai 128 ba, ko ESR 115.13 (ESR shi ne nau'in Firefox da ake tallafa wa na dogon lokaci), ya sabunta ko ƙarin manhajojinsa su daina aiki. Ga masu Windows 7, Chrome ya tsaya a 109 tun farkon 2023, a ɓangaren Firefox kuma layin ESR 115 kaɗai ya rage musu.