Me ake nufi da “Makarantar Bengal” a zanen Indiya?

Mai bin labarin zane-zanen Indiya na zamani zai yi ta cin karo da sunan “Makarantar Bengal”. Ba gini ba ne mai azuzuwa. Makaranta a nan kamar mazhaba ce, wato tafarkin zane da malami ya shimfiɗa, almajirai suka bi.

Malamin shi ne Abanindranath Tagore na birnin Kalkata da ke yankin Bengal, wanda ya rayu daga 1871 zuwa 1951. A zamaninsa makarantun da Turawan Ingila suka kafa suna koyar da fentin mai irin na Turai, kuma mai zanen Indiya Raja Ravi Varma ya yi suna da shi. Abanindranath ya juya wa wannan baya, tare da goyon bayan E. B. Havell, Baturen da ke shugabantar makarantar zane ta gwamnati a Kalkata. Ya koma ga ƙananan zanukan fadar sarakunan Mughal da na Rajput na tsohuwar Indiya, almajiransa kuma suka je kogunan Ajanta suna kwafar tsofaffin zanukan da ke bangonsu. Zanensa mai suna Bharat Mata ya fito a 1905, shekarar da Turawa suka raba Bengal gida biyu, shi ya sa salon ya haɗe da kishin ƙasa.

Abin mamaki, dabarar da ta fi bambanta salon daga Japan aka samo tushenta. A 1903 masu zanen Japan Yokoyama Taikan da Hishida Shunso suka zo Kalkata, Abanindranath ya ga yadda suke jiƙa zane da ruwa, sai ya ƙirƙiro nasa: wankin zane. Za a fitar da siffa da fensir a takarda mai kauri, a shafa fentin ruwa tsararo, a bari ya bushe sarai. Sannan a tsoma takardar gaba ɗaya cikin ruwa, a shimfiɗa ta a kan allo. Launin da bai kama ba ya tafi, wanda ya shiga jikin takarda ya zauna. A sake shafawa, a sake wankewa, sau da dama, har hoton ya yi dishi-dishi kamar gari a lokacin hazo. Sai a ƙarshe a ja layukan fuska da yatsu da siririn buroshi, a ɗiga farin fenti inda ake son haske.

Gaggawa ke ɓata aikin. In aka tsoma kafin fentin ya bushe, launuka su zube cikin juna. Takarda mara kauri takan yamutse ko ta yage. Farin fenti in ya shiga da wuri, wanki na gaba zai dama shi da sauran, komai ya koma ruwan toka.

Nandalal Bose, babban almajirinsa, ya kai wannan koyarwa makarantar zane ta Kala Bhavana da ke garin Santiniketan, amma shi kansa bai tsaya kan wankin ba. Masu suka ma ba su rasa hujja ba, don a hannun ’yan kwaikwayo salon ya zama laushi ba ƙashi. Mai zane Amrita Sher-Gil ta soke shi a fili. Wani mai zanen, Jamini Roy, ya bar salon ya koma ga zanen gargajiya mai kaurin layi na unguwar Kalighat da ke Kalkata. A 1947 kuma F. N. Souza da M. F. Husain da S. H. Raza suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a birnin Bombay, suka fuskanci sabon zanen Turai irin na su Picasso.